Jakar Hannu a Jirgin Sama: Dokokinta, Dalilansu da Yadda Ake Tabbatar da Su

Kayan matafiyin jirgin sama kashi biyu ne. Akwai babbar jaka, wadda ake karɓa tun a wajen awo, a liƙa mata lamba, a zuba ta a cikin jirgin ta ƙasa, mai ita ba ya sake ganinta sai an sauka. Akwai kuma jakar hannu, wadda fasinja ke shiga da ita, ya sa ta a ma'ajiyar da ke saman kujerarsa ko ya tura ta ƙarƙashin kujerar da ke gabansa. Ita ce ƙarama, amma ita ta fi yawan dokoki, ita kuma ta fi jawo gardama tsakanin matafiya da jami'ai.

Ga mutane da yawa a Gehuru da sauran garuruwan Jega, Aliero da Maiyama, tafiya aikin Hajji ita ce shigarsu jirgin sama ta farko. Alhazan jihar Kebbi suna tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke kusa da Ambursa, filin da aka ƙaddamar da jigilar alhazan Nijeriya ta 2024 daga cikinsa ranar 15 ga Mayu. Suna sauka a Madina ko Jidda. Masu zuwa Umara, 'yan kasuwa da ɗalibai kuwa sukan bi ta Kano, Abuja ko Legas, su yada zango a Addis Ababa, Alƙahira, Dubai, Doha ko Istanbul. A duk waɗannan filayen ana auna jakar hannu, ana leƙa cikinta, kuma kowace doka da ake binta da ita tana da dalili.

Masu kafa dokar

Tushen dokokin shi ne Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, hedikwatarta kuma tana birnin Montreal na Kanada. Ita ke tsara ƙa'idojin tsaro da na kaya masu haɗari, ƙasashe su mayar da su dokarsu. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke sa ido kan kamfanonin jirage, FAAN kuma ke gudanar da manyan filayen tarayya. A Saudiyya hukumar GACA ce ke riƙe da ragamar.

Sai dai girman jaka da nauyinta ba gwamnati ke yanke su ba, kamfanin jirgi ne. Shi ya sa jakar da ta wuce lafiya a wani kamfani sai a tsayar da ita a wani. A harkar Hajji akwai mataki na uku: Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke daidaitawa da kamfanonin da za su yi jigila, sannan hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ta raba wa maniyyata jakunkuna iri ɗaya, ta bayyana musu ƙa'ida a wajen bita.

Nauyi da girma

Kamfanoni da dama na ƙasa da ƙasa suna ba fasinjan kujerar gama-gari kilo 7 ko 8 na jakar hannu. Girman da aka fi sabawa da shi bai wuce santimita 56 a tsawo, 45 a faɗi, 25 a kauri ba, har da tayoyi da mariƙi, wasu kamfanonin ma sun fi haka matsewa. Ga alhazan Nijeriya, ƙa'idar da aka daɗe ana bi a shekarun baya ita ce kilo 8 na jakar hannu da kilo 32 na babbar jaka, kuma kowace shekara ana sanar da adadin da aka tsayar. Kilo 32 ɗin ma ba da ka aka zaɓe shi ba: shi ne iyakar nauyin jaka ɗaya da aka yarda ma'aikaci ya ɗaga ba tare da ya ji wa bayansa ciwo ba.

Dalilin farko na iyakance nauyi shi ne lissafin tashi. Kafin jirgi ya motsa ana lissafa nauyin mutane, kaya da mai, a san gudun da zai kai kafin ya ɗaga da tsawon titin da yake buƙata. Babbar jaka ana ɗora ta a sikeli, an san nauyinta. Fasinja da jakar hannunsa kuwa ƙiyasi ake musu. Idan alhazai 400 kowa ya ƙara kilo 5 a ɓoye, jirgin ya ɗauki tan 2 ke nan da matuƙi bai sa a lissafi ba. Zafi yana ƙara tsananta lamarin, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun ɗauki sosai, kuma Birnin Kebbi da Jidda duk garuruwan zafi ne.

Ba yawan nauyin kaɗai ake dubawa ba, har da inda ya taru. Direban babbar motar da ke lodin albasa a Aliero ya san idan buhuna suka rinjayi gefe ɗaya sitiyari ba ya biyayya. Haka jirgi yake idan kaya suka yi yawa a baya ko a gaba. A ranar 8 ga Janairu 2003 wani ƙaramin jirgin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Charlotte a Amurka, mutum 21 suka rasu. Bincike ya gano kuskure a gyaran jirgin, ya kuma gano cewa ya yi nauyi fiye da kima, nauyin ya karkata baya. Bayan nan hukumomin Amurka suka sake ƙiyasin nauyin fasinja da kayansa.

Dalili na biyu shi ne lafiyar waɗanda ke zaune. Ma'ajiyar sama tana da iyakar abin da za ta riƙe, kuma jaka mai kilo 15 idan ta faɗo kan tsoho lokacin da jirgi ke gargada, rauni ne babba. Dalili na uku shi ne fita cikin gaggawa. Ana gwada manyan jirage a kan cewa kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofi. Jakar da aka bari a hanya, ko fasinjan da ya tsaya ciro tasa, na iya tare mutum ɗari. Lokacin da jirgin Japan Airlines ya kama wuta a filin Haneda na Tokyo ranar 2 ga Janairu 2024, duk mutum 379 da ke ciki sun fita da ransu, kuma cikin abubuwan da aka yaba har da barin kayansu da suka yi a baya.

Abubuwa masu ruwa-ruwa

Dokar da ta fi ba sabon matafiyi mamaki ita ce ta ruwa. Ta samo asali ne a watan Agusta 2006, lokacin da 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin wasu mutane na shiga jiragen da ke zuwa Amurka da Kanada da sinadaran fashewa a cikin kwalaben lemo. Daga nan aka tsayar da cewa duk abu mai ruwa da za a shiga da shi jirgi kada mazubinsa ya wuce mililita 100, a kuma tara mazuban a leda ɗaya mai haske wadda ba ta wuce lita 1 ba.

Abu biyu ne ke ruɗa mutane. Na farko, girman mazubi ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare mai cin mililita 200 ba ta wucewa ko da kaɗan ya saura a gindinta. Na biyu, ba ruwan sha kaɗai ake nufi ba. Duk abin da ke zuba, ko ake shafawa, ko ake fesawa, ya shiga ciki: zuma, man shanu, man gyaɗa, manja, man kaɗanya, man shafawa, man goge baki, nono, damammiyar fura, tsimi da rubutun sha. Jami'in da ke gaban na'ura ba shi da hanyar bambance zumar gaske da wani abu da aka yi wa kamarta cikin 'yan daƙiƙun da yake da su, saboda haka doka ta hutar da shi, ta ce duk babban mazubi a ajiye shi.

An yi sassauci ga maganin da mara lafiya ke buƙata a hanya da abincin jarirai, amma sai an fito da su an nuna. Abin da aka saya a kantunan cikin fili bayan an wuce bincike shi ma yana shiga, muddin yana cikin ledarsa da aka liƙe tare da rasiɗi. Wasu filaye a Ingila da Turai sun sa sababbin na'urori masu nuna cikin jaka ta kowace fuska, har sun sassauta dokar, amma wanda zai yada zango ya sani cewa za a sake bincikensa a filin gaba da dokar can.

Masu kaifi da masu kama wuta

An tsaurara hana abubuwa masu kaifi bayan harin 11 ga Satumba 2001, inda maharan suka ƙwace jirage huɗu da ƙananan wuƙaƙe. Wuƙa, aska, reza da babban almakashi ba sa shiga jakar hannu. Alhaji na buƙatar reza ko almakashi domin aski ko saisaye bayan Umara, kuma ba a hana shi tafiya da su ba. Babbar jaka ce wurinsu. Cire takalmi a wasu filaye ya biyo bayan yunƙurin wani mutum na tayar da bam da ya ɓoye a takalminsa a Disamba 2001. Na'urorin da ke haska jikin mutum kuwa sun yaɗu bayan yunƙurin 25 ga Disamba 2009 a jirgin Amsterdam zuwa Detroit, wanda mai shirin ya bi ta Legas a tafiyarsa.

Akwai kayan da ba sa shiga ko wace jaka: risho mai kalanzir a ciki, tukunyar gas, fetur, gawayin da ake jiƙawa da sinadari don saurin kamawa, da kayan wasan wuta. Tarihin jigilar alhazai ya nuna dalili. Ranar 26 ga Nuwamba 1979 jirgin Pakistan da ya tashi daga Jidda da alhazai ya kama wuta a sama, ya faɗi kusa da Ɗa'ifa, duk mutum 156 suka rasu, kuma an fi zargin man da ya tsiyayo daga rishon da wani ya shiga da shi.

Batir mai caji shi ne haɗarin wannan zamani, kuma dokarsa ta saba wa tunanin mutane: fawa banki da batirin da ba ya cikin na'ura dole a jakar hannu za su kasance, haramun ne a sa su a babbar jaka. Batirin lithiyam idan ya fashe ko ya yi zafi yakan kunna kansa, wutarsa kuma tana da wuyar kashewa. A cikin mutane ma'aikatan jirgi za su ga hayaƙi su kai ɗauki. A ƙasa cikin kaya ba mai isa wurin. Jirgin dakon kaya na UPS da ya faɗi a Dubai ranar 3 ga Satumba 2010 wuta ce ta tashi a cikin lodin da ke ɗauke da irin waɗannan batura. A ranar 28 ga Janairu 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a ƙasa a Koriya ta Kudu, masu bincike suka danganta wutar da fawa bankin da ke ma'ajiyar sama. Tun daga nan kamfanoni da dama, har da Emirates, suka hana amfani da shi a cikin jirgi.

Iyakar ƙarfin da aka yarda da shi ba tare da neman izini ba shi ne Wh 100, wato kimanin mAh 27,000. Fawa banki mai mAh 20,000 yana wucewa. Daga Wh 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfani, abin da ya haura nan kuwa ba ya shiga jirgin fasinja. Wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya karɓe shi, tunda ba a san ƙarfinsa ba.

Goro, magani, kuɗi da saƙo

Wasu kayan ba jirgi suke yi wa barazana ba, dokar ƙasar da za a shiga ce ta hana su. Saudiyya ta hana shiga da goro, kuma hukumomin alhazai suna maimaita wannan gargaɗi kowace shekara. Magunguna irin su tiramadol da kodin suna cikin ƙwayoyin da ake tuhumar mutum a kansu, safarar miyagun ƙwayoyi kuwa hukuncinta a can yana kaiwa ga kisa. Mai hawan jini, ciwon suga ko asma ya riƙe maganinsa a kwalinsa na asali, tare da takardar likita, daidai kwanakin da zai yi. Garin maganin gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna ba bayani yana jawo tsaiko da tambayoyi. Wanda zai fita Nijeriya da kuɗin da suka haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastam.

Doka mafi nauyi ita ce ta saƙo. A ƙasar Hausa ba a ƙin karɓar saƙo, musamman na maƙwabci ko na ɗan'uwa da ke da wani a Makka. Amma a idon doka, duk abin da aka samu a jakar mutum nasa ne, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta fitar da kowa. A Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Madina saboda jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta. Sai da binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya gano gungun ma'aikatan da suka yi wannan aika-aika a filin jirgin Kano, gwamnatin tarayya ta sa baki, kafin a sake ta a ƙarshen Afrilu 2019. Darasin a fili yake: matafiyi ya haɗa kayansa da hannunsa, ya ƙirga lambobin jakar da aka liƙa masa a takarda, ya tabbata sun yi daidai da yawan jakunkunansa, kada kuma ya riƙe wa baƙo jaka ko na minti ɗaya.

Yadda ake bincike

Ga maniyyacin Kebbi, binciken yana farawa tun a sansanin alhazai na Birnin Kebbi, inda ake tantance takardu a duba kaya. A fili kuma akwai jami'an shige da fice, kwastam, NDLEA, ma'aikatan lafiya da jami'an tsaron jiragen sama, kowa da abin da yake nema. Ana ɗora jakar hannu a kan bel ta ratsa na'urar haskawa, wadda ke nuna wa jami'i siffar kowane abu, launi kuma ya nuna masa ƙarfe ne ko abinci ko roba. Jakar da aka cusa har ba masaka tsinke tana fitowa da duhu a allo, dole a buɗe ta a zazzage. Mai ita kuma ya ratsa ƙofar da ke jin ƙarfe, bayan ya cire waya, agogo, makullai da ɗamara. Mata jami'ai mata ke laluba su, kuma mace na da damar neman a duba ta a keɓe.

Mataki na ƙarshe yana bakin ƙofar shiga jirgi. Nan ma'aikatan kamfani ke da ikon sake auna jaka. Wadda ta yi girma ana karɓe ta a sa ta ƙasa, a jiragen kasuwa sau da yawa har da biyan kuɗi. Wanda aka karɓi tasa a nan ya fara ciro fasfo, kuɗi, magani da batura. Gardama da jami'i ba ta sauya doka, barkwanci da maganar bam kuwa laifi ne da ake tsare mutum a kansa.

Dawowa, inda matsalar ta fi tsanani

Da wuya a samu matsalar nauyi a tafiya. A dawowa take. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, yana da sashe na musamman na alhazai mai rufi kamar jerin tantuna, kuma bayan Hajji jirage na ƙasashe da dama ke layin tashi daga can, kowanne da lokacin da aka ware masa. Don rage cunkoso, ana auna manyan jakunkunan alhazan Nijeriya tun a masaukinsu na Makka, a kwashe su kwanaki kafin tashi. A kwanakin jiran nan ake komawa kasuwa. Alhaji ya tuna bai saya wa surukarsa abaya ba, Hajiya ta tuna jikoki, sai dabino, bagaruwa, darduma, carbi, jallabiya, turare da man zaitun su taru, ba inda za su shiga sai jakar hannu. Jakar kilo 8 ta koma kilo 20, ga ledoji a hannu biyu.

A Jidda ba a wucewa da su. Abin da ya haura ƙa'ida sai dai a bar shi a nan, mutum yana kallon tsarabar da ya kashe guzurinsa a kai. Asarar ba ta tsaya kansa ba: zazzage jakunkuna ɗari yana cin awanni, jirgin da ya rasa lokacinsa kuma sai ya jira a ba shi wani, alhazan da ke bayansa su ƙara kwanaki a Makka. Filin ya kuma hana kayan da aka ɗaure da igiya, waɗanda aka naɗe a bargo, da jakunkuna marasa tsayayyar siffa, saboda suna maƙalewa a bel. Mafita ga mai kaya da yawa ita ce kamfanonin dakon kaya da aka amince da su, a biya kuɗin kilo, a karɓa a gida.

Zamzam yana da tsarinsa daban. Ba a yarda a sa shi a jakar hannu ko a ɓoye shi a babbar jaka ba, domin idan ya fashe yana jiƙa kayan mutane, yana iya taɓa wayoyin jirgi. Jakar da na'ura ta nuna ruwa a cikinta ana buɗe ta a cire. A maimakon haka kowane alhaji yana da lita 5 a rufaffen mazubi, kuma jiragen da suka kai alhazai su ke dawowa da shi Nijeriya, a raba wa masu shi bayan sun sauka.

Abin da ya dace ya kasance a ciki

Jakar hannu wurin abin da mutum ba zai iya rabuwa da shi ba ne: fasfo da takardun tafiya, katin allurar rigakafi, guzuri, magani, tabarau, waya da cajarta, fawa banki, da tufafi kala ɗaya ko da babbar jaka za ta makara. Kuɗi da gwal ba a sa su a babbar jaka, domin yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta iyakance diyyar da kamfani zai biya idan kaya suka ɓata. Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye ya riƙe haraminsa a hannu ko ya ɗaura tun a ƙasa, domin a sama za a ratsa miƙati. Wanda zai fara da Madina yana da sarari har zuwa Zul-Hulaifa. Busassun kayan miya irin su kuka, kuɓewa da yaji, idan hukuma ta yarda da su a shekarar, babbar jaka za su shiga. Auna jaka a sikeli tun a gida da halartar bita har ƙarshe sun isa su raba maniyyaci da mafi yawan waɗannan matsaloli.